Ƙwan Kazar da Ta Sha Maɗaci

Jikata, wadda ke rubuta mini wannan, karatun likitan dabbobi take yi. Ta ce a makarantarsu allura suke yi wa ƙwai, su sa shi a injin ɗumi, daga baya su fasa su ga inda maganin ya bi a jikin ɗan tsako. Ƙarnin ƙwan da ta shigo da shi a rigarta ne ya mayar da ni gidanmu na Ƙofar Doka.

Ina yarinya gwaggona ta ba ni kaza wake-wake. Wata damina ciwo ya shiga kajin unguwa. Kakata ta jiƙa sassaƙen maɗaci, tana buɗe bakin kazar tana ɗura mata. Kazar ta yi ta saka ƙwai cikin jinya, sannan ta mutu. Ƙwayayen nan kaɗai suka rage na irinta.

Kaka ta ce a zubar. Babana ya ga kukana, ya sa su ƙarƙashin wata kaza mai kwanci. Kaka ba ta yi musu da ɗanta ba, ni ta kalla.

"Uwar ta sha, ta fitar," in ji ta. "Na cikin ƙwai fa, ina zai zubar? Ɗakinsa ba ƙofa."

Da hantsi takan ɗaga ƙwai a tsagar ƙyauren zaure, inda rana ke shigowa, ta nuna mini jijiyoyi jajaye kamar saiwa. A hankali na wasu suka dushe. 'Yar tsako ɗaya tal ta fito. Irinta na tafi da shi gidan aure, suna ta hayayyafa a tsakar gidana har na tsufa.

Na tambayi jikata ko kaka ta yi gaskiya. Ta ce kusan haka ne. Magani kan zauna a gwaiduwa, ɗan tsako yana jansa kaɗan-kaɗan. Hantarsa takan fara narkar da shi tun bai fito ba, ragowar ta taru a wata 'yar jaka cikin ɓawo, a gefensa.

Bara Malam, maigidana, ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yau ina kuka, ba na ɓoyewa. Likita ya ce ƙodarsa ce ta daina fitar da magungunan da yake sha, suka taru a jininsa. Yara ba su gane ba, sai da aka sake yi musu bayani. Ni ban tambayi komai ba. An gaya mini tun ina yarinya, a bakin zaure.