Matar da Ta Koya wa Kwamfuta Faɗin Saura Nawa

Ƙarfe bakwai da rabi take isa ofishin hasashen ambaliya, tun mai shara bai gama da baranda ba. Ta ajiye jaka, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta wuce ɗakin ƙarshe inda manyan kwamfutoci ke kuka a hankali cikin sanyi, kamar zuma a amya. Can za ta tsaya tana kallon wani siririn layi kore yana rarrafe a fuskar allo, da 'yan lambobi a ƙarƙashinsa. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Anti Saura ake ce mata a ofis.

Lokacin da ta fara aiki, in an ba kwamfuta lissafin ruwan kogi, sai allo ya yi shiru kwana guda, kwana biyu. Ba mai sanin ko aiki take ko ta sandare. Abin ya dami Anti. Takan ce lissafin nan jan ruwa ne a rijiya: guga ya sauka, ya hau, ya sake sauka, sau miliyoyi, to me zai hana a riƙa leƙa randa? Ta zauna ta rubuta ɗan tsarin da ke ƙirga kowane zagaye, ya nuna nawa aka yi, saura nawa, da ƙarfe nawa ake sa ran gamawa. Daga nan sunan ya bi ta, har gida. Maigidanta tela ne, kuma yakan leƙo kicin ya ce, “Uwar yara, girkin nan kashi nawa cikin ɗari?” Ita kuwa ta ce, “Ɗinkin da ka yi mini alkawari tun bara fa, ko zagaye ɗaya ya yi?”

Abokan aikinta ba sa manta wata damina. Sama ta yi mako tana zuba, kogi ya fara lasar gonaki, ana jiran lissafin awa talatin da zai nuna ƙauyukan da ruwa zai ci. Da hantsin rana ta biyu, layin ya kai kashi sittin da takwas cikin ɗari ya tsaya cak. Awa ɗaya, awa biyu, awa uku. Wayar darakta ba ta huta ba. Ya shigo yana share gumi.

“Anti, abin nan ya mutu. A kashe, a sake daga farko.”

“Ranka ya daɗe, in muka sake, ruwa zai riga mu isa.”

“In kuma gawa muke gadi fa?”

Ta ɗora yatsa a kan wata 'yar lamba a gefen allo, wadda ba kowa ke lura da ita ba. Tana canzawa, a hankali, kamar numfashin mai barci.

“Ka ga wannan? Ya iso inda kogi ya rabu gida bakwai ne, wajen tsibirai. Tudu yake hawa. Ka ba ni zuwa la'asar.”

Darakta ya dube ta ya dubi allo, ya ja kujera ya zauna.  Idon Anti na kan lambar, zuciyarta na can bakin kogin da ba ta taɓa zuwa ba, tana ganin mata na kwashe shanya, awaki na kuka a turke, kwalekwale na lilo a jikin gaɓa. Ana kiran la'asar layin ya motsa: sittin da tara. Wani ya yi kabbara, wata ta fashe da dariya har da hawaye. Daga nan layin ya kama gangara da gudu, kafin faɗuwar rana sakamako ya fito, motoci suka tashi, aka kwashe ƙauyuka tara zuwa tudu. Kwana biyu bayan nan ruwa ya shafe wurin, bai tarar da kowa ba.

A rahoton da aka buga, ba a ambace ta ba. Ba ta kuma taɓa ɗaga maganar ba.

Anti, ke ce kika ƙi yarda ranar da aka ce ki sa layin ya riƙa gudu don ya burge baƙi. Kika ce, “In ya yi ƙarya sau ɗaya, wa zai sake yarda da shi?” Ke ce mai sa jira ya yi sauƙi, mai gaskiya ko da injin ne abokin hirarki. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba da lafiyar cin hutu.

Mu kuma da muka rage, masu rubuta wa kwamfuta umarni da masu kowace sana'a da ake zaman jiranta, mu ɗauki wannan: kada ka bar mutum cikin duhu. Faɗa masa inda ka kai, faɗa masa abin da ya rage, ko da labarin ba mai daɗi ba ne.

Ran Litinin mai zuwa, Anti, shimfiɗa tabarmarki a ƙofar ɗaki, ki ɗora jikarki a cinya. Ki bar gajimare su wuce yadda suka ga dama. Wannan karon ba wanda zai tambaye ki yaushe za su gama.