Maigadin da Jininsa Ya Daina Gane Shi

A ƙofar wata masaƙa a Sharada, wani dattijon maigadi yana kokawa da kwaɗo da sassafe. Yatsunsa sun kumbura, sun karkace kamar citta. Likita ya gaya masa wai masu gadin jininsa ne suka daina gane 'yan gida, suke ta jibgar gaɓoɓinsa. Shi kuwa ciwon bai ƙona masa rai kamar wannan sakacin aiki ba.

Ma'aikata sun yi cirko-cirko, ga motar manaja tafe. Sai ya zaro katin aikinsa, ya nuna wa hannun.

"Ku duba da kyau, ni ne Isyaku," in ji shi ƙasa-ƙasa. "In aka sallame ni, ku gidan uban wa za ku yi gadi?"