Dogayen Ƙafafun Motar Baba

Abin da na fara lura da shi ranar da muka isa Garatu shi ne Kaka ba ta bakin ƙofa. Kullum a nan muke samunta, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana kare mata rana, domin tun motar Baba tana bayan gonakin doya take jin kukanta. Ran nan kuwa har muka tsaya, Baba ya kashe inji, ba ta fito ba. Na shiga na same ta tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube ni, ta leƙa bayana.

"Ke da wa? Da ƙafa kika zo?"

"Da mota, Kaka."

"Wace motar? Ni ban ji tsohuwa mai tari ba."

A lokacin ina elemantare a Minna, Turawa ba su tafi ba tukuna, muna zaune a Kpakungu. Baba yana da wata tsohuwar akori-kura. Kowace Asabar yakan kai gishiri da kananzir da sabulu Garatu, mu kwana a gidan Kaka, da safe ya ɗauko doya da mata masu nono zuwa kasuwar Minna. Ni kaɗai yake tafiya da ita cikin 'ya'yansa, wai don ba ni da surutu. Gaskiyarsa ne. A makaranta ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Daren Asabar kaɗai nake da baki, a gefen murhun Kaka.

Motar tana shan mai kamar ramin yashi, har Baba ya fara cewa hanyar Garatu ba ta fid da shi. Sai wani makanike Banufe, Ndagi, ya ba shi shawarar a canza giyar baya. Ina laɓe a bakin zaure na kalli aikin. An ɗora bayan motar a kan gumagumai, an buɗe wata tukunyar ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya, baƙin mai yana ɗiga yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ndagi ya fito da wani faifai mai haƙora da wani ƙarami mai kama da gorar masara, ya jera su kusa da waɗanda ya ciro daga wata matacciyar mota.

"Wannan naka, inji sai ya yi ta juyi kafin taya ta zaga sau ɗaya," in ji shi. "Wannan kuwa, inji ya juya kaɗan, taya ta yi nisa. Mai zai ragu. Amma Malam Sule, ƙarfin ja ma zai ragu fa."

Na lura lokacin da ya faɗi maganar ƙarshe Baba yana kallon hanya.

Shan mai kuwa ya ragu. Motar ta daina kururuwa, shi ya sa Kaka ba ta ji zuwanmu ba. A ƙofar gidanta Baba ya zura sanda a tanki ya nuna mini inda ta jiƙe, yana murmushi irin wanda ba ya yawan yi.

Da safe aka loda doya. Sabuwar doya ce, damina ta yi nisa. Matan Gbagyi suka yi ta kawo ta a ƙwarya bisa kafaɗa, aka jera, mutane suka hau kanta. A gaba kusa da ni aka zaunar da Inna Jumma, wata tsohuwar Bafillatana mai nono, ƙawar Kaka. Tsakanin Garatu da gida akwai wani rafi marar gada, daga fitowarsa sai tudu. Dole a ratsa ruwan a hankali, saboda haka ba a iya ɗauko gudu daga nesa. Da can motar takan hau tana ihu, amma tana hawa. Ran nan ta kai tsakiya ta fara rawa, ta yi tari, ta mutu. Baba ya komo baya ya sake. Wari ya taso kamar ana ƙona gashi.

Wata mata 'yar Gbagyi daga baya ta ce, "Direba, mota ya gaji, bari mu sauka."

"Ku zauna!" in ji Baba. "Ba a taɓa saukar da mutum a motata ya taka ƙasa ba."

Muna nan har wata babbar mota ta zo. Direbanta ya ɗaura mana igiya ya ja mu zuwa sama, yana leƙowa ta taga yana cewa, "Malam Sule, amarya ta sa dogon takalmi ta kasa tafiya?" Kafin yamma maganar ta zaga tasha.

Asabar ta gaba, muna kan hanya, Baba ya yi magana ba tare da ya dube ni ba. "Ki yi sallama da Kakarki da kyau. Litinin Ndagi zai mayar da tsohuwar giya. Da ita kuwa hanyar nan ba ta yiwuwa. Zan koma ɗaukar buhuna daga tashar jirgi. Garatu sai da salla." Na yi ta kallon itatuwan kaɗanya suna wucewa har suka zama kamar ana kallonsu ta cikin ruwa.

A kunne na raɗa wa Kaka. Ta ci gaba da feraye doya, sai dai na ga wuƙar ta shiga cikin naman doyar fiye da yadda ta saba. Baba ɗanta ne na fari. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba, sai dai "direba" ko "mutumin nan", ba ta kuma kallon fuskarsa. In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. Ba yadda za a yi ta ce masa kada ya daina zuwa.

Bayan magariba ruwa ya sauko. Muka taru a rumfar girki, ni da 'ya'yan maƙwabta, doya tana gasuwa a toka, hayaƙi yana neman hanyar fita ta cikin jinka. Baba ya saba fita hira ƙofar liman, amma ruwa ya tsare shi a zaure, zana ɗaya ce tsakaninmu da shi. Kaka ta gyara zama. Na lura ba wuta ta fuskanta ba kamar kullum, zanar ta fuskanta. Sai ta buɗe tatsuniya.

"Ga wata ta zo, a ba ta wuri."

"Ta zauna mu ji ta," muka amsa.

Wai akwai wani jaki mai gajerun ƙafafu, yana kai kayan mutane daga ƙauye zuwa birni. Ƙarfi gare shi, ba tudun da ke tsayar da shi, amma takunsa ƙanana ne, kafin ya isa ya cinye ciyawar da za ta ciyar da garke. Wata rana ya ga barewa ta wuce, taku kaɗan ta ɓace, cikinta kuma a ɗame. Sai ya je wurin maƙeri ya ce a cire masa ƙafafunsa a sa masa irin nata. Maƙeri ya ce, "Sirara ne fa." Jaki ya ce ya ji. Kaka ta kaɗa kunnuwa da hannuwanta, ta nuna mana yadda jaki ke ji, muka fashe da dariya.

Aka sa masa. Jaki ya zama ɗan gaye, ya tashi da safe, kafin hantsi yana birni, ɗan dami ɗaya ya ishe shi. Sai ranar da aka ɗora masa kaya, masu kayan suka hau sama, aka zo tudu. Ƙafafu suka lanƙwashe, ya durƙusa. Raƙumi ya zo wucewa ya tsaya yana dariya, leɓensa yana reto. Kunya ta kama jaki, ya koma wurin maƙeri ya ce a ba shi nasa.

A nan Kaka ta tsaya ta juya doya. Ban ji tarin Baba ba, ban ji motsin tabarmarsa ba.

"Maƙeri ya ce, 'Ai ka makara, na narka su na yi fartanya.' To, ya zai yi? Ya zauna a gida, tsofaffin ƙauye su rasa mai kai su birni? Jaki ya kwana bai yi barci ba. Da safe aka loda shi, aka hau, aka zo gindin tudu. Sai ya yi abin da tun kakanninsa ba jakin da ya taɓa yi. Ya juyo da wuya ya ce, 'Bayin Allah, ku taimake ni ku sauka, mu haɗu a sama.'"

"Suka doke shi?" wani yaro ya tambaya.

"Dukan me? Dama ƙugunsu ya gaji da zama. Suka sauka suna miƙa, suka ce, 'Kai jaki, tun tuni me ya hana ka faɗa?' Tatsuniya ta tafi da ƙafarta, kada wanda ya bi ta. Ku miƙo hannu, doya ta gasu."

Na sake jin tatsuniyar nan sau da yawa a wannan rumfa har na zama budurwa, amma Kaka ba ta ƙara ba ta wannan ƙarshe ba. A sauran dararen jaki yakan sami ƙafafunsa a rataye a maƙera, ya mayar, ya koma gida yana nadama. Da ina yarinya na ɗauka mantuwa ce ta tsufa. Sai da na girma, na haifi nawa ɗan farin, na ji nauyin yi masa magana, sannan na gane cewa a daren nan da gangan ta narka ƙafafun. Na kuma daɗe ina tunanin abin da Ndagi ya faɗa. Ba a samun nisa da ƙarfi a giya ɗaya. Abin da aka rage a tanki, a tudu ake biyansa, kuma ba lallai mutum ya biya shi shi kaɗai ba. Mu uku ne a gidan nan a daren, kowa yana son abu ɗaya, ba wanda ya iya buɗe baki ya roƙa. Kaka al'ada ta ɗaure ta, Baba girman kai na direba, ni kuwa halittata.

Da safe Baba ya durƙusa ya yi sallama, Kaka ta amsa wa bango. Aka loda doya, mutane suka hau, Inna Jumma ta zauna kusa da ni da ƙwaryarta a cinya, an rufe ta da faifai. Muka kama hanya har muka ratsa rafin. A gindin tudu Baba ya taka birki. Bai taɓa tsayawa a wurin ba. Hannunsa yana kan giya, inji yana aiki a hankali, ya buɗe baki ya rufe. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ga zufa a bayan kunnensa alhali da sanyi. Mutanen baya suna jira. Ya sake buɗe baki, abin bai fito ba, sai ya fara tura giya zai gwada hawa.

Na kama gefen zanen Inna Jumma na ja, muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har ta kai bayan mota.

"Inna, don Allah mu sauka mu taka tudun nan. Ki ba ni ƙwaryar in riƙe miki."