Mashinan da Suka Taso daga Jega

Bayan La'asar ne, ni da Inna muna tsince ruɓaɓɓiyar albasa a rumfar gonarmu ta Danwarai, sai muka ji rugugin mashina daga hanyar Aliero. Na leƙa, na ga ayari guda, kowane mashin da mutum uku, wasu sun naɗe fuska da jan ƙyalle. A shekarar nan ko yaro ya san haka 'yan bindiga ke shigowa gari.

Inna ba ta iya gudu saboda ciwon gwiwa. Na ja ta muka kwanta bayan tarin albasa, na rufe mu da buhunan wofi. Tana ta salati ƙasa-ƙasa. Da wani mashin ya yi ƙara, na ɗauka an fara harbi, na tuna matata na gida ita kaɗai, ƙofa a buɗe.

Mashin ɗaya ya tsaya daidai rumfar, aka kira sunana. Muryar ƙanena ce.

"Yaya, biyu da nema!" in ji shi, yana washe baki. Ashe ƙungiyar ƙwallon garinmu ce ta ci wasan buɗe gasa a Jega, magoya bayanta suka kwance salansar mashinansu don su yi ƙara, suka zagayo murna. Jan ƙyallen ma launin rigar ƙungiyar ne.

Na jefe shi da ruɓaɓɓiyar albasa, kuma har yau ban yi nadama ba. Inna ta daɗe kafin ta iya tashi zaune. Ta dube shi ta ce, "To madalla. Ranar da na gaskiyar sunka zo, sai mu zamna mu ce ƙwallo anka ci."