Ranar da Yatsana Ya Shiga Littafi

Ko da zan manta da komai, ba zan manta shekarar da masu binciken kayan tarihi suka zo bayan dutsen garinmu, can wajen Roni ba. Daga wata jami'a suke, suna tono inda kakanninmu suka narka tama. Ina cikin waɗanda aka ɗauka aikin haƙa, a lokacin kuma ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

Shugabarsu wata malama ce mai ƙatuwar kyamara. Ko tsingaro aka tono, sai an share ƙasar da burushi, a ajiye wata 'yar sanda mai ja da fari a gefe don a san girmansa, sannan ta ɗauka. Wata rana na ji tana cewa hotunan nan littafi za su shiga, har ƙasashen waje za a gani. Ta kuma ce gobe ni zan tsaya mata wajen ɗauka.

Ban tambayi komai ba. Da yamma na shaida wa maiɗakina, na shaida wa majalisa, na tashi a aji na ce tun ban gama haɗa baƙi ba zan riga kowa shiga littafi. Wani tela abokin wasana ya ce in hakan ta tabbata, zai ɗinka mini riga kyauta.

Mu a wajenmu ba a hoto da kayan aiki. Don haka washegari na fito da farar shaddata ta Sallah, na kafa hula, na fesa turare, kamar kyamara tana jin ƙamshi. Malama ta dube ni ta ce, "Malam, ɗaurin aure za ka?" Na ce a'a, ranki ya daɗe, hoto na zo.

Ta miƙo mini tabarma ta ce in ɗaga in tare rana, haske yana ɓata mata hoton tukunyar da aka tono. Haka na wuni cikin rami, hannu sama, ina murmushi har muƙamuƙina ya gaji. Sau ɗaya kawai na sauke hannu, da ta ce in riƙe mata sandar awo. In ta ɗauka sai ta duba bayan kyamarar, ta danna, ta sake. Na zaci wanda na fi kyau take zaɓa. Ashe duk wanda hannun rigata ya leƙa, shi take gogewa. Na koma gida shadda ta zama jar ƙasa, maiɗakina ta ce ba komai, tunda duniya za ta gani.

Bayan damina biyu littafin ya fito, aka turo wa malamin ajinmu a waya. Muka kewaye shi, ni a gaba. Yana ja muna kallo: tukwane, duwatsu, kashin tama, ramuka. Babu mutum ko ɗaya. Har zufa ta fara keto mini, sai tela ya ce a tsaya. A gefen wata fasasshiyar tukunya ga sandar awon nan, ga babban yatsa ya danne ta don kada ta gangara.

"Wallahi nasa ne," in ji tela. "Ga farcen da fartanya ta sare. Ashe turaren nan duk na yatsa ne."

Aji ya kwashe da dariya, har malam. Da na tuna wa tela alkawari, ya ce gwargwadon abin da ya fito zai ɗinka. Washegari ya kawo mini 'yar riga ta shadda daidai yatsa, har da aiki a wuya. Tana nan cikin akwatin maiɗakina, in baƙi sun zo ita take fara nuna musu.

Tun daga ranar na koyi tambaya kafin in buɗe baki a majalisa. In an ce za a yi hoto, nakan fara jin ko ni ake so, ko tukunya.