Ƙanƙarar Rufin Orest

Orest Hrynyk ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas a birnin Saskatoon, ko kare bai taɓa bugewa ba. Mutum ne da yake duba madubi sau biyu kafin ya motsa. Da ya ajiye aiki, 'yarsa ta matsa masa ya sa farantan sola, tunda rufinsa kudu yake kallo, inda rana ta fi bugawa a can, kuma garin ko sanyi na tsaga dutse rana ba ta fashi.

Wuta kam ta samu. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne, dusar ƙanƙara ba ta kama gilashin farantan yadda take kama rufi. Taruwa take yi, in rana ta ɗan ɗumama ƙasanta sai ta zame gaba ɗaya. Ranar farko a kan kwandon shara ta sauka, ta mayar da shi kamar faifai. Orest ya daɗe a tsaye yana kallonsa, domin daidai wurin Darlene mai kawo wasiƙu take tsayawa kullum ƙarfe sha ɗaya, ta zura takardu a akwatin jikin bango.

Daga nan barcinsa ya ragu. Da hantsi sai ka gan shi a taga, shayinsa ya huce.

"Tsoho, rufin nan ka aura ne?" in ji matarsa Lesia.

"Yi shiru. Kin ji ƙara?"

"Gwiwarka ce."

A watan Fabrairu dusar ƙanƙara ta kwana uku tana zuba, rana ta huɗu gari ya washe tas. Yana taga ya ji wani ƙas a sama, ruwa ya fara ɗiga daga bakin rufin. Ga Darlene ta shawo kwana, hula ta rufe kunnuwa, tana sauri. Ya buga gilashi, ba ta ɗago ba.

Ya fita da silifas. Hanya ɗaya ce zuwa ƙofar shinge, kuma ta ƙarƙashin rufin ta bi. Ya ɗaga kai ya ga ƙanƙarar ta leƙo tsawon hannu. Ya runtse ido ya ja jiki ya wuce, ya riƙe ƙofar da hannu biyu.

"Dattijo, lafiya? Ina takalmanka?"

"Kar ki shigo, 'yata. Miƙo nan."

"Wasiƙar soyayya kake ɓoye wa Lesia?"

Bayansa aka ji rugugi, ƙasa ta girgiza, farin garin ƙanƙara ya rufe su. Da ya lafa, ƙanƙara ta binne matakalar ƙofar gida da akwatin. Darlene ta kama hannunsa.

Da yamma ya tono akwatin ya kafa shi a jikin shinge, ya ɗaure tsohuwar hanyar da igiya. Lesia ce ta riƙe masa ƙusoshi, ba ta tsokane shi ba ko sau ɗaya.