Hannun Hagun Don Chencho

A birnin Veracruz, duk wanda ya zo hutu bakin teku, ko a babban otal ya sauka ko a ɗakin haya mai fanka ɗaya da gado uku, safiyarsa ta farko a gidan kofi na Lagunes take ƙarewa. Mai sabis zai dire maka tambulan da baƙin kofi a gindinsa, bai fi yatsa biyu ba, ya yi gaba abinsa. In madara kake so, ba a kira, ba a ɗaga hannu. Cokali za ka ɗauka ka ƙwanƙwasa tambulan, sai mai buta ya zo.

Tebur arba'in da huɗu ne a gidan, butoci shida, masu buta huɗu. A cikin huɗun nan, wanda baƙi ke nunawa da yatsa shi ne Crescencio Uscanga. Ko matarsa ta manta da wannan dogon suna. Don Chencho kowa ke ce masa, kamar dai a ce Malam Chencho.

Ɗan masunci ne daga wani ƙauye a bakin kogi, kudu da birnin. Ubansa ya so ya gaji taru, amma shi da jirgi ya ɗan yi tangaɗi sai amai. Ɗan masunci mai amai a jirgi, ai ka san abin da ƙauye zai yi da shi. Ranar da dariyar ta ishe shi ya hau motar kifi ya taho birni da riga ɗaya. Ya wanke tambulan har yatsunsa suka yi fari, ya ɗauki tire har aka daina jin ƙarar fashewa a bayansa, sannan tsoho Lagunes, mai gidan, ya miƙa masa buta ya ce, “In ka ƙona mini baƙo, kogi na nan inda ka baro shi.”

Fiye da shekara arba'in bai ƙona kowa ba. Daga bakin tambulan yake farawa, ya ja butar sama, sama, har ta wuce kansa, tafasasshiyar madara ta miƙe kamar farar igiya, kumfa ta taso ta tsaya cak a baki. Ko ɗigo ba ka gani a tebur. Da butar nan ya auri Hermelinda, ya gina ɗaki biyu da tsakar gida, ya kai 'ya'yansa mata uku makaranta. Hotonsa na rataye a gidajen mutanen da bai san sunansu ba, daga Puebla har Monterrey.

Bakinsa kuwa bai taɓa yin sanyi ba. In 'yan babban birni suka zo, rana ta gasa su sun yi ja kamar jatan lande, suka hau dukan tambulan kamar gobara ta tashi, sai ya tako a hankali ya ce, “Ranka ya daɗe, tambulan ne, ba ƙararrawar coci ba. Saniyar ma ta ji ka tun daga ƙauye.” Su yi dariya, su ciro waya, ya zuba.

Hermelinda ce ta fara lura da rawar hannunsa na dama. A gida, wajen shan miyar kifi, cokali ya riƙa isa bakinsa da rabin abin da ya ɗebo. Likita ya ba da ƙwayoyi, ya ce shekaru ne. Don Chencho ya ce shekarun likitan ne dai, ya ci gaba da aiki, sai dai ya ƙara sauri don kada rawar ta samu lokacin nuna kanta.

Ana saura kaɗan hutun Ista, lokacin da birnin ke cika har mutane su kwana a mota, abin ya faru. Wata mata ce daga Puebla, da mijinta da surukarta. Ta ƙwanƙwasa, ya zo, ya ɗaga buta. Tana can sama hannun dama ya fizga. Madarar ta daki bakin tambulan ta fantsamo a damtsen matar. Ta ƙwalla ƙara, mijin ya miƙe yana kumfar baki, aka rugo da ƙanƙara. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, amma fatar ta yi ja, kuma gidan duka ya gani.

Maribel Lagunes, jikar tsohon, ita ke riƙe da gidan yanzu. Don Chencho ya zuba mata madara tun tana durƙusawa a kan kujera don ta kai tebur. Da aka sallami baƙin ta kira shi ofis ta rufe ƙofa.

“Don Chencho, zauna.”

“A tsaye aka ɗauke ni aiki, 'yata. Faɗi.”

“Na sa a kawo kujera mai kyau bakin ƙofa. Ka riƙa tarbar baƙi, a ɗauki hoto da kai. Albashinka ba zai ragu ba.”

“Kujera.” Ya gyaɗa kai. “Ki haɗa da keji mana, da ɗan gero. A koya mini ‘sannu da zuwa’ da Turanci.”

“Don Allah kada ka mayar da shi wasa. Da jariri ne a cinyar matar nan fa?”

Wannan ta shige shi. Ya dubi hannun, hannun na ta rawarsa kamar ba a kansa ake magana ba.

“Gaskiyarki,” in ji shi. “Wannan hannun ya gama. Amma shi ne ya gama, ba ni ba.”

Ya kwance farin ƙyallen ƙugunsa ya ninke, ya ajiye a teburinta. Kujerar kuwa ko kallonta bai yi ba da zai fita.

Bai nufi gida kai tsaye ba. Kasuwa ya biya, ya sayi buta irin ta gidan kofi da tambulan dozin guda. Hermelinda na tsakar gida tana ɓare jatan lande ya shigo da kayan.

“To, tsoho, gidan kofi za mu buɗe a nan? Wa zai sha, kyanwa?”

“Masu magana suka ce in dama ta ƙi, a koma hagu.”

“Hagunka? Wadda ko maɓallin riga ba ta iya sawa? Chencho, ka karɓi kujerar nan. Mutane nawa ke roƙon Allah ya ba su aikin zama?”

“Su je su karɓa, na bar musu.”

Ya cika buta da ruwa, ya ajiye tambulan a kan turmi, ya kama da hagu. Zubin farko a takalminsa ya sauka. Na biyu a tukunyar furen Hermelinda. Hagu baƙauya ce, ba ta san nauyin buta ba, ba ta san lokacin da ake yanke zubi ba. Kafaɗa ta yi tsami har ya kasa ɗaga hannu ya tsefe gashinsa. Tsakar gida ta zama fadama, kyanwa ta koma kan katanga da zama. Cikin tambulan goma sha biyu, bakwai suka tafi. Hermelinda ta yi ta mita, amma da ta ga ruwa ya fara shiga inda aka aike shi, ita ce ta kaɗa masa sabulu a ciki don ya ga kumfa, ita ce kuma daga baya ta ɗora ruwan a wuta. “Da ruwan sanyi kowa gwani ne,” in ji ta.

Da ruwan ya yi zafi ne ya gano abin da zai yi da hannun dama. In ya kwantar da shi a tebur ya danne, ya zagaye gindin tambulan da shi, rawar na lafawa. Kuma duk abin da ya fantsamo, a kan hannun yake sauka.

Hutu ya zo, birni ya cika. Jiragen yawo na kai mutane tsohuwar ganuwa suna dawowa, masu goge da garaya na bin tebur tebur a dandali, layin gidan kofi ya fita har titi. A irin wannan safiya ce Don Chencho ya shigo da farar rigarsa ta rawa da hula, ya wuce kujerar bakin ƙofa, wadda har yanzu ba kowa a kai, ya zauna a teburin taga, wanda ya fi kowanne kyau. Ya ce a kawo masa kofi. Aka kawo. Ya ɗauki cokali ya ƙwanƙwasa.

Nabor ne ya zo, abokin aikinsa, wanda suka tsufa tare a bayan buta.

“Kai, mutumina, me kake yi a nan?”

“Hutu na zo. Ka taɓa ganin na yi? An ce akwai wani gida a garin nan da ake zuba madara daga sama, na zo kallo. Zuba mu gani.”

Nabor ya zuba. Don Chencho ya leƙa tambulan ya taɓe baki.

“Wannan kumfa ce ko tofin kaza? A kawo wani.”

Haka ya yi ta yi. Ya sha uku, ya kushe uku, ya riƙe teburin mutum huɗu shi kaɗai, layi na ƙaruwa a waje. Washegari ya dawo, rana ta uku ma haka. Tsofaffin 'yan dakon tashar jirgi da ke zama a gefensa kowace safiya suka samu abin yi, in ya kushe su tafa masa.

A rana ta uku Maribel ta fito da kanta.

“Don Chencho, mutane na tsaye a rana. Kai kaɗai a tebur guda?”

“Biya nake yi, 'yata. Baƙo ne ni, daga nesa na zo, har mota biyu na hau. Zauna mu zama biyu, teburin ya rage asara.”

Ta ja kujera ta zauna, ranta a ɓace. Ya sa aka kawo sabon tambulan, ya ƙwanƙwasa. Da Nabor ya iso, sai ya miƙe ya kama mariƙin butar da hagu.

“Saki.”

“Za ka sa a kore ni, tsohon banza.”

“In an kore ka akwai kujera a bakin ƙofa. Saki.”

Nabor ya dubi Maribel, ya dubi abokinsa, ya saki.

“Don Chencho, ajiye butar nan,” in ji Maribel, ƙasa ƙasa don kada baƙi su ji.

“Ja da baya kaɗan. Ba fatar baƙo a teburin nan. Tawa ce kaɗai.”

Ya jawo tambulan gabansa, ya kwantar da hannun dama ya zagaye gindinsa. Ya karkata buta. Madara ta fara sauka daga baki, ya ja sama. Ƙirji. Kafaɗa. Ya wuce kafaɗa da kamar taƙi ɗaya, jijiyar wuyansa ta fito, igiyar ba ta karkace ba. Kumfa ta taso. Wajen yankewa ne hagu ta makara da ƙiftawar ido, ɗigo uku suka sauka a bayan hannun dama. Ko gira bai motsa ba. Ya sauke buta, ya zauna, ya tura mata tambulan.

Baƙi suka tafa, ba su san abin da suka gani ba. 'Yan dako suka buga tebur. Maribel ba ta dubi tambulan ba, hannun take kallo, inda ɗigon suka fara yin ja.

“Ya ƙona ka.”

“Shi ya jawo. Da ma shi ne mai laifin.”

“Kuma haka za ka yi ta ƙona kanka?”

“Kowane tambulan na zuba, hannun nan na kewaye da shi. Babu abin da zai kai ga baƙo sai ya bi ta kaina. Ya daina zuba, to ya yi gadi.”

Layi na jira, Nabor na tsaye hannu rabbana. Sannan ta fara lissafa masa da yatsu.

“Da safe kawai. Teburan taga goma, inda waɗannan tsofaffin suke, fatarsu ta fi ta kada tauri. Teburin da ke da yara, ba kai ba. Buta ba ta wuce kafaɗa. Ranar da ɗigo ɗaya ya taɓa baƙo…”

“Ni da kaina zan rataye ta, ba sai kin kira ni ofis ba. Amma goma sun yi kaɗan. Sha biyar.”

“Goma.”

“Kakanki da ya ba ni sha biyu.”

“Kakana ya mutu, Don Chencho. Goma. Tashi ka ba mutane teburinsu, ka je a shafa maka magani.”

Ya tashi, amma sai da ya tsaya ya ga ta kurɓi kofin.

Yana nan har yanzu, a gefen taga, kowace safiya. Bayan hannunsa na dama ya yi tabo tabo kamar ƙwan zabo, Hermelinda na shafa masa ruwan ganye tana zaginsa, shi kuma ya ce tabon na raguwa, ta ƙirga ta gani. Shi da kansa ya san wata rana hagu ma za ta bi 'yar'uwarta, amma bai ga dalilin da zai sa ya je tarbar ranar ba. Bai ƙona kowa ba. Yarjejeniya huɗu aka yi da shi, yana riƙe da uku kam. Ta huɗun ce, in gidan ya cika, aka ɗaga wayoyi, sai ka ga butar ta ɗan haura kunne. Daga can bayan kanta Maribel za ta ɗaga murya:

“Kafaɗa, Don Chencho!”

Shi kuma, ba tare da ya waiwaya ba, idonsa na kan kumfa:

“Tana nan a kafaɗa, 'yata. Ni ne na ƙara tsawo.”